Tabarmar Mai Jinya

Duk wanda jinya ta taɓa kai shi asibitin gunduma a Agye ko Gidan Rumji, ko likitar Gazawa, ya san cewa gadajen da ke jere cikin ɗaki rabin asibitin ne. Ɗaya rabin yana ƙasa, a gindin gado, a baranda, da inuwar bedin da ke tsakar fili. Tabarmi ne a shimfiɗe, kowace da butarta, da kwanon fura, da ƙullin zannuwa, da 'yar tocila. A kan kowace tabarma akwai mai jinya: uwa, ko mata, ko ƙanwa, ko ɗa, wani lokaci ma maƙwabcin da ya ɗauko marar lafiyar a amalanke ya kasa komawa ya bar shi. Babu sunan mai jinya a littafin asibiti, babu mai biyansa ko dala, amma da za a ce masu jinya su naɗe tabarminsu su tafi da hantsi, kafin la'asar aikin asibitin ya tsaya.

Shi ke karɓar takardar magani ya ruga kanti, shi ke dama kunu, shi ke wanke zane in an ɓata. Idan ledar ƙarin ruwa ta kusa ƙarewa cikin dare, shi ke zuwa ya ƙwanƙwasa wa ma'aikaci ƙofa. Idan tsoho ya sami shanyewar ɓarin jiki, mai jinya ke juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada kwanciya ta huda masa baya. Waɗannan kowa ya san su. Akwai kuma aikin da yake yi bai ma san yana yinsa ba: zamansa kaɗai shaida ne. Ma'aikacin da ya kwana bai runtsa ba, ransa a dagule, yakan tauna magana kafin ya daka wa tsohuwa tsawa in ɗanta na zaune yana kallo. Wanda bakinsa ya karkace ba ya iya furta kalma, yana da wanda zai tashi ya ce, "Malam, ba a yi wa Baba allurar dare ba." Macen da zazzaɓi ya gusar wa hankali, tana da wadda za ta ja mata zane ta rufe ta.

Mun saba ɗaukar wannan tsari a matsayin alamar rashi, kuma da gaskiyarmu. Da ma'aikatan jinya sun wadata, da ba a bar wa dangi wankin gyambo da gadin ƙarin ruwa ba. Masu jinya suna cika ɗaki, suna hana shara, wani sa'in ma su ba marar lafiya jiƙo a ɓoye bayan likita ya hana. Duk da haka akwai abin lura a wannan tabarma wanda ya rinjayi aibinta. Mutumin da ciwo ko tsufa ya kayar, amincinsa yana tafiya ne da yawan idanun da ke ganinsa da kunnuwan da ke jin kukansa. Inda idanun suka ragu, haɗari ya ƙaru, ko da ginin na siminti ne, ko da mai wurin ya yi suna da tsoron Allah.

Su wa ake nufi? Tsohon da gigin tsufa ya kama har ya manta sunan jikokinsa. Mai taɓin hankali. Mai farfaɗiya. Saurayin da tramol ya ci ƙarfinsa. Makaho, kurma, da wanda shan inna ta hana tafiya. Macen da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Dukansu manya ne, wasu da 'ya'ya, wasu da gonaki, amma cinsu da shansu da tsaftarsu sun rataya a hannun wani. Abin da ya fi haɗa su shi ne rashin mai gaskata su. Yaro in ya yi kuka, ana juyowa a duba. Babba mai rauni in ya ce an doke shi, sai a ce, "Rabu da shi, ciwon ne ya motsa," ko "Kada ka biye wa Iya, ai ta ruɗe." Azzalumi ya san da wannan, kuma da shi yake fakewa.

Shekarar 2019 ta nuna wa ƙasar Hausa abin da ke faruwa inda aka hana shimfiɗa tabarma. Ranar 26 ga Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Hukuma ta ce a cikinsu har da waɗanda aka kawo daga Burkina Faso da Mali. Ba a cika sati uku ba, cikin watan Oktoba, aka shiga wani gidan a Daura aka fito da mutum 67 masu shekara 7 zuwa 40, bayan waɗanda ke tsare sun yi bore, da damansu sun tsere. Cikin kwanakin nan aka buɗe wani a birnin Katsina, sai kuma wani a Rigasa inda aka tarar da mutum 147, har da mata. Kafin shekarar ta ƙare, waɗanda aka kwance daga irin waɗannan gidajen mari a Najeriya sun haura dubu. Sun ba da labarin yunwa, da duka, da ratayewa, da fyaɗe. Daura da Katsina kuwa ba nesa ba ne ga mutumin Gazawa ko Gangara. Kasuwa ɗaya muke ci, aure ya haɗa mu, malaman da ake kai wa can su ake kai wa nan.

Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne ba sato su aka yi ba. Iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da ƙafarsu, suka ce, "Malam, ga amana," suka biya kuɗin abinci, suka koma gida da sanyin zuciya. A gidan Rigasa na farko, 'yan sanda sun bayyana cewa ba a barin iyaye su shiga ciki. In sun zo ziyara, a waje ake fito musu da ɗansu na ɗan lokaci. Uba ya ga ɗansa cikin wankakkiyar riga, kansa a sunkuye, ya ce alhamdu lillahi, yaro ya natsu. Bai ga ɗakin kwana ba, bai ga idon sawu ba, bai sami minti biyar su kaɗai ba. Ɗan kuma ya san wanda zai koma hannunsa da zarar motar mahaifinsa ta tashi.

Bai kamata a yi gaggawar tsine wa waɗannan iyaye ba. Wanda bai taɓa kwana gida ɗaya da ɗan da ya sayar da awakin uwarsa ya sayi ƙwaya ba, ko wanda ya ɗaga mata taɓarya da tsakar dare, bai san irin tsoron da ke sa uba ya nemi inda zai ajiye ɗansa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa suke yawon neman magani maimakon su kore shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maradi. A ƙetaren iyaka akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, amma kuɗin mota da na magani da na zama sun fi ƙarfin manomin gero. Gidan mari yana kusa, yana da araha, yana magana da harshen da iyaye suka amince da shi. Niyyarsu gyara ce. Kuskuren shi ne sun miƙa jinyar gaba ɗaya suka juya baya.

Haka nan zalunci ne a jingina wannan ta'asa ga malaman addini kaɗai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zagaya wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a Najeriya tsakanin 2018 da 2019, ta tarar ana ɗaure mutane da sarƙa a 27 daga cikinsu. A ciki akwai asibitocin gwamnati, da gidajen gyaran hali na hukuma, da na masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista. A 2020 ƙungiyar ta ce ta sami shaidar irin wannan ɗauri a ƙasashe 60. Ƙasashen da suka wadata ma ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar cin zarafi cikin shekara guda, kuma a gidajen ajiye tsofaffi, ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa aikata shi. Can akwai gado mai laushi, da wutar lantarki, da ma'aikata masu takardar shaida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗan'uwa mai zama a gefe. Ko'ina aka haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi a bayan rufaffiyar ƙofa, kwana da kwanaki, babu mai leƙowa, sai wanda Allah ya kiyaye.

Wani likita ɗan Afirka ya fahimci wannan tun kafin ƙasashenmu su sami mulkin kai. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali cikin gini, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa da zai zauna da shi, ya dafa masa, ya rako shi wurin magani da safe, su koma masauki da yamma. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya aka yi aiki tare. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gina aikinsa a kai shi ne abin da matan ƙauyukan Cadawa da Cadakori ke yi kullum ba tare da kowa ya yaba musu ba: ba a raba marar lafiya da nasa.

Amma maganar ba ta ƙare nan ba, domin wani lokaci mai jinyar ne da kansa abin tsoro. A watan Agusta 2020 'yan sanda a Kano suka fito da wani mutum mai shekara 30 daga garejin gidan mahaifinsa, inda suka ce ya shekara bakwai a kulle bisa zargin shan ƙwaya. Ƙashi da fata ya fito, ba ya iya tsayuwa. Ba gidan mari ba ne, gidansu ne. Abin da ya cece shi, wasu daga waje ne suka kasa yin shiru suka kai labari. A yankinmu babu gidajen ajiye tsofaffi irin na Turai, kuma muna alfahari da hakan. To, mu sani cewa babban wurin jinyarmu shi ne ɗakin ƙurya na cikin gida, kuma abin da ke faruwa a gidan mari yana iya faruwa a can.

Ba kullum yake zuwa da sarƙa ba. Wani lokaci tsohuwa ce ake barinta cikin fitsarinta daga safe har dare, a rage mata ruwan sha don a huta da wanki. Wani lokaci gonar tsoho ce ake jinginarwa ba da saninsa ba, ko a kama babban yatsansa a dangwala a takarda, ko kuɗin da ɗansa ya aiko daga Legas ko Agadas ya tsaya a aljihun wanda ya karɓa. Wani lokaci katin tallafin naƙasasshe ne ke hannun wani ƙato mai lafiya. Mai farfaɗiya a ware mata kwano, a guje ta in ta faɗi don an ce yawunta na yaɗa ciwo, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Tsohuwar da gigi ya sa take yawon dare tana sambatu, a laƙa mata maita. Budurwa mai taɓin hankali a wayi gari da ciki, a rufe maganar don kada gida ya ji kunya, wanda ya yi kuma yana nan yana shiga yana fita. Akwai kuma dukan da ake yi da sunan korar aljani, da turaren da ake cusa wa mutum har ya shiɗe. Kowanne daga cikin waɗannan yana rayuwa ne da kalmomi biyu da muke girmamawa, wato sirrin gida da rufin asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau in asirin mai rauni ake rufewa. In na mai cutar da shi ne, ya zama haɗin baki.

A nan ma adalci ya wajaba. Mafi yawan masu jinya a gida mata ne, kuma sau da yawa mace ɗaya ce: matar ɗa, ko autar 'ya'ya, ko uwargidan da ita ma tsufa ya kama. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke da goyo, da damina ga gona, sannan ga surukin da ba ya barci, ba ya riƙe bawali, yana zaginta don bai gane ta ba. Shekara ɗaya, biyu, biyar. Sauran dangi suna aiko gaisuwa ta waya. Ranar da ta kai bango ta fizge hannunsa ko ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, kowa zai ce ba ta da imani, babu mai tambayar ina yake lokacin da take ta fama ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A asibiti ana canjin masu jinya, wannan ya kwana, wancan ya yini. A gida ne muke mantawa da canji, kuma gajiyar da ba ta da ranar hutu ita ce ƙofar da mugunta ta fi shigowa ta cikinta a gidajen mutanen kirki.

Muna da maganin wannan a al'adarmu, sai dai mun bar shi ya zama na fatar baki. Dubiya tana cikin haƙƙoƙin da addini ya ɗora wa Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma zumunta a ƙafa take. Amma yaya dubiyar yau take? A tsaya a zaure ko a tsakar gida a ce, "Yaya mai jiki?" A amsa, "Da sauƙi, yana barci." A ce, "Allah ya ƙara sauƙi," a ajiye goro ko jaka guda, a juya. An duba masu gida, ba a duba marar lafiya ba. In ciwon ya daɗe, ko kuwa na hankali ne, ƙafa ma ɗaukewa take yi gaba ɗaya, har mutum ya shekara unguwa ba ta sa shi a ido ba, babu wanda ya ce ina wane. Gani ya kori ji. Dubiyar da ke kare mutum ita ce wadda za ka shiga har inda yake kwance, ka zauna, ka kira sunansa, ka kama hannunsa. Hanci zai gaya maka ko ana wanke shimfiɗa. Ido zai nuna maka rama, da shatar igiya a wuyan hannu, da gyambo a ƙugu, da yadda yake firgita in wani ya shigo. Sannan ka juya ga mai jinyar ka ce, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan zauna da Baba." Wannan jimla ɗaya ta fi wa'azi goma tsare tsoho.

Sai kuma waɗanda ba su da mai shimfiɗa musu tabarma ko kaɗan. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, ƙauyukan gundumar Gidan Rumji suka buɗe musu ƙofa, daga baya aka tsugunar da wasu a wurare irin su Cadakori. A cikinsu akwai tsofaffin da aka kashe 'ya'yansu, da matan da abin da suka gani ya taɓa musu hankali, da naƙasassun da aka goyo aka ajiye. Akwai matan da yoyon fitsari ya sa miji ya sake su, dangi suka ware musu bukka. Akwai masu cutar kuturta, waɗanda asibitin Danja da ke kudu da Maradi yake karɓa tun 1956, kafin a buɗe sashen gyaran yoyon fitsari a wurin a 2012. Irin waɗannan su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin duk wanda ya riƙe abincinsu ko maganinsu ya riƙe su, kuma ya san babu mai zuwa tambaya. Marar dangi, jama'ar gari ce danginsa. In unguwa ba ta naɗa wanda zai riƙa leƙa shi ba, to ta bar shi a hannun sa'a.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta haramta azabtar da su da tsare su saboda naƙasarsu kawai, ta kuma nemi a riƙa sa ido a kan duk wuraren da ake kula da su. A Disamba 2019 ƙasar ta yi dokarta kan shigar da naƙasassu cikin al'umma. Kundin hukunta laifuka yana hukunta duka, da fyaɗe, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma bai ware uba ko malami ko ma'aikaci ba. A Najeriya, a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Tun kafin duk waɗannan, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya umarci waliyyan masu raunin hankali su tsare musu dukiyarsu, su ciyar da su, su tufatar da su daga cikinta, su kuma yi musu magana mai daɗi. Ya hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da suka tsufa a hannunka. Sai dai doka ba ta da ƙafa. Jandarma da alƙali ba su san abin da ke bayan dangar wani ba sai an je an faɗa musu.

Akwai haƙƙin da ko masu ƙaunar marar lafiya sukan take ba su sani ba, shi ne haƙƙin a tambaye shi. Mai jinya bakin marar lafiya ne in bakin ya kasa, amma bai kamata ya ƙwace bakin da ke aiki ba. Sau nawa likita ke tambayar tsohuwa ina ke mata ciwo, ɗanta ya riga ta amsawa? Sau nawa ake yanke shawarar mayar da tsoho wani gari, ko sayar da saniyarsa, ko aurar da kurma, a gabansu, kamar ba sa wurin? Mai taɓin hankali ma yana da ranakun da yake garau, kuma a ranakun nan ya san abin da yake so da wanda yake tsoro. A ce masa, "Kawu, me ka gani?" In ya ce wane yana dukana, a bincika kafin a ce ciwo ne. Sau da yawa wanda ya ruɗe a kan ranar mako bai ruɗe a kan wanda ya mare shi ba.

Saboda haka duk wanda larura ta sa zai kai nasa wani wuri, asibiti ne, gidan malam ne, ko gidan mai magani, ya yi tambaya kafin ya sauke kaya. Za a bar ni in shiga har inda zai kwana, a ranar da na ga dama, ba sai na yi sanarwa ba? Za a bar mu mu keɓe mu yi magana? Ɗayanmu zai iya zama da shi? Wane magani za a ba shi, wa ya rubuta? In mace ce, mata ne za su kula da ita? Yaushe za a sallame shi? Wurin da ke da gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce ganin dangi yana ɓata magani, a ɗauki marar lafiya a yi gaba. Gaskiya ne akwai sa'ar da ciwo ke tashi har sai an riƙe mutum don kada ya ji wa kansa ko wani rauni, amma wannan riƙo na sa'o'i ne, kafin a isa inda za a yi masa allurar da za ta kwantar da shi. Sarƙar wata da watanni ba ta taɓa warkar da kowa ba. Magani kuwa yana aiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. A Kwaddibuwa da Benin da Togo, Grégoire Ahongbonon, wanda asalinsa mai facin taya ne, ya shafe shekaru yana kwance masu taɓin hankali daga jikin itatuwa yana kai su cibiyoyin ƙungiyarsa ta Saint Camille, kuma da yawa daga masu kula da marasa lafiya a can tsofaffin marasa lafiyar ne da suka warke.

Wannan yanki ba baƙo ba ne wajen tsara kansa. A jihar Maradi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, matan da ke haɗuwa kowane mako suna zuba asusu, tsarin da daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Ƙungiyar da ta san wadda ba ta kawo zubi ba, ba za ta kasa sanin gidan da mace ɗaya ke jinya ita kaɗai ba, ta raba mata kwanaki, ta ware wani abu don sabulu da magani. A Ɗan Saga ta gundumar Agye, manoma sun kafa kwamitin tsaron itatuwan sassabin zamani, da maza da mata da makiyaya a ciki, yana zagayawa yana hukunta mai saran sata. Garin da ya iya wannan zai iya naɗa mutum uku ko huɗu, da mace a cikinsu, waɗanda aikinsu shi ne zagaya gidajen da ke da kwantacce. Kwamitocin da ke kula da likitocin karkara su ƙara wannan a aikinsu, su zama wurin da marar lafiya ko mai jinya zai kai kuka ba tare da tsoron a hana shi magani gobe ba. Masu gari da sarakunan kanto, har zuwa fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, su san duk gidan da ake ajiye mutane da sunan magani a ƙasarsu, su shiga su gani da idonsu. Limamai su faɗa a huɗuba cewa kai rahoton zalunci ba tsegumi ba ne. Hukuma kuma ta kawo maganin taɓin hankali da na farfaɗiya likitar da ke kusa, ta horar da ma'aikatan da ke can, domin rufe gidan mari ba tare da buɗe wata ƙofa ba, mayar da sarƙar cikin gida ne kawai.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da bai buƙatar kuɗi ko izinin kowa. Kowannenmu ya san wani da ya daina gani: tsohon da ba ya fitowa masallaci, matar da aka daina jin muryarta a rijiya, saurayin da aka ce an kai shi magani tun bara. Ka je gidan ka yi sallama, ka ce ka zo ganinsa, kada ka yarda a sallame ka daga zaure. In ka tarar ana ƙoƙari, ka sa hannu ka rage nauyi. In ka tarar da abin da ba ka so a yi wa mahaifinka, ka yi magana da masu gida, in ba su ji ba ka kai ga mai gari, in abin ya kai ga rauni ko ɗauri ko fyaɗe ka kai ga jandarma. Za a ce ka shiga abin da ba ruwanka. Da ruwanka, domin duk wanda Allah ya ja kwanansa zai kai ranar da wani ne zai ɗaga shi, ya wanke shi, ya yi magana a madadinsa, kuma irin garin da muka gina yau shi za mu kwanta a cikinsa.